Audu Baƙo, ɗan sandan da ya tare wa Kano ruwa

A farkon shekarar 1980 ne Allah ya yi wa Alhaji Audu Baƙo rasuwa, yana da shekara 55 a duniya. Ya rasu ya bar matar aure da 'ya'ya 11, a lokacin da ya riga ya koma noma a tsohuwar jihar Sakkwato, shekara huɗu da 'yan watanni bayan an raba shi da mulki.

Shi ne gwamnan farko na jihar Kano, ya kuma riƙe ta har tsawon shekara takwas, daga 1967 zuwa 1975.

Mutanen birni sun fi tuna shi da gine-ginen da ke ɗauke da sunansa, wato sakatariyar gwamnatin jiha, da gidan namun daji, da wani babban titi a unguwar Nasarawa. To amma wanda ke son sanin abin da ya fi kwanta wa marigayin a rai sai ya bar birnin, ya kama hanyar Zariya, sannan ya ratse ta hanyar da ta nufi Tudun Wada da Jos. A can ne, a ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, za a ga tafkuna da magudanan ruwa da gandun dajin da ya kashe mafi yawan ƙarfinsa a kansu.

Ruwan da ya tare a wannan yanki har yau yana ciyar da dubban gidaje. Akwai kuma waɗanda wannan ruwa ya raba da gidajensu da gonakinsu, kuma su ma suna cikin tarihinsa.

Haihuwar barikin 'yan sanda

An haifi Audu Baƙo a shekarar 1924 a barikin 'yan sanda da ke Kaduna. Mahaifinsa ɗan sanda ne da ya shafe shekara 36 yana aiki, daga baya kuma ya zama sarkin Sabon Garin Kaduna.

Kaduna a wancan lokaci sabon gari ne da Turawan mulkin mallaka suka kafa domin ya zama hedikwatar Arewa, kuma kusan duk wanda ke cikinsa daga wani wuri ya zo. Yaron da ya tashi a bariki yana buɗe ido ne da fareti da ƙarar begila da tsabtar layi, yana kuma cuɗanya da 'ya'yan ƙabilu daban-daban tun kafin ya san bambancinsu.

Ya yi karatun farko a makarantar gwamnati ta Kaduna, sannan ya wuce Midil ta Zariya, wadda a yau ake kira Kwalejin Alhudahuda. A shekarar 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya bi sawun mahaifinsa ya shiga aikin ɗan sanda.

Ya koyar da darasin shari'a a kwalejin horar da 'yan sanda ta Kaduna, ya kuma yi ta samun ƙarin girma har ya kai muƙamin mataimakin kwamishina mai kula da dukkan 'yan dokan En'e na jihar Arewa.

Wannan muƙami na ƙarshe ya taimaka masa ƙwarai daga baya. A wancan zamani iri biyu ne masu tsaron doka a Arewa: akwai 'yan sandan gwamnati, akwai kuma 'yan doka da ke ƙarƙashin sarakuna. Duk wanda aka ɗora wa alhakin sa ido a kan 'yan doka dole ne ya san fadoji, ya san hakimai, ya san inda ake taka sawu a hankali. Shi kansa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, kafin ya tafi Senegal a matsayin jakada, kafin kuma ya hau gadon sarauta a 1963, shi ne Wakilin Doka, wato shugaban 'yan dokan Kano. Ke nan gwamna da sarki duk sun fito ne daga aikin ɗamara.

Jiha ba ofis, ba ma'aikata

Ranar 27 ga watan Mayun 1967 Yakubu Gowon ya rusa manyan jihohi huɗu na Najeriya ya ƙirƙiro 12 a madadinsu. Lardin Kano ya zama jiha mai cin gashin kanta, da masarautu huɗu: Kano da Haɗejiya da Gumel da Kazaure. Jihar Jigawa ta yau duk tana ciki, domin sai a 1991 aka cire ta.

Uku daga cikin sababbin gwamnonin 'yan sanda ne: Audu Baƙo a Kano, Usman Faruk a jihar Arewa maso Yamma, da Joseph Gomwalk a Binuwai-Filato. Audu Baƙo yana da shekara 42 a lokacin, abin da ya sa ya zama dattijo a tsakanin takwarorinsa, tun da shi kansa Gowon shekararsa 32, gwamnan jihar Ribas kuwa, Alfred Diete-Spiff, bai wuce 25 ba.

Abin da ya tarar ba mai daɗi ba ne. Rikicin 1966 ya sa dubban 'yan kabilar Ibo sun bar Kano, cikinsu har da makanikai da akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa. Makonni kaɗan bayan naɗa shi yaƙin basasa ya ɓarke. Ma'aikatun gwamnati duk suna Kaduna, sai da aka yi rabon ma'aikata da motoci da fayiloli kafin jihar ta fara aiki sosai a watan Afrilun 1968. Ga shi kuma Kano, duk da yawan jama'arta da arzikin gyaɗa, tana baya ƙwarai a ilmin zamani.

Majalisar kwamishinonin da ya kafa ta haɗa mutanen da 'yan shekaru kaɗan kafin nan ba sa ga maciji da juna. Akwai Alhaji Yusuf Maitama Sule, tsohon minista a gwamnatin NPC, akwai Alhaji Tanko Yakasai, ɗan gani-kashe-nin NEPU, akwai kuma ɗan kasuwa Alhaji Aminu Dantata. Alhaji Inuwa Dutse ne ya riƙe ma'aikatar gona.

Mai yiwuwa rashin tsatsonsa a siyasar birnin ne ya ba shi damar haɗa su. Ba a Kano aka haife shi ba, ba a nan ya tashi ba, ba shi da tsohuwar gaba da kowa.

A zamaninsa ne aka karɓe kotunan alƙalai da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e, kamar yadda aka yi a sauran jihohin Arewa. Ya kuma kasa jihar gida takwas domin gudanar da mulki, biyar daga ciki a masarautar Kano. Wannan ba ƙaramin rage ƙarfin fada ba ne, amma an yi shi ba tare da an tuɓe rawanin sarki ba, alhali shekara biyar kacal kafin nan gwamnatin Sardauna ta sa Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus.

Bagauda da Tiga

Manomin ƙasar Kano, tun kaka da kakanni, wata huɗu zuwa biyar yake da su na damina. Da an kawar da amfanin gona sai matasa su ɗauki 'yan komatsansu su tafi cin rani, ƙauyuka su koma na tsofaffi da mata da yara. Ruwan da ya sauka a watan Agusta kuwa ya riga ya bi kogi ya wuce.

Kudancin jihar ya fi ko'ina samun ruwan sama. A wajajen Doguwa da duwatsun Riruwai abin da ke sauka a shekara yakan haura milimita 1,000, kusan ninkin abin da wasu garuruwan kan iyakar Nijar ke samu. Daga wannan yanki ne Kogin Kano yake gangarowa, ya ratsa dajin Falgore, ya nufi arewa har ya haɗu da Kogin Challawa a kudu da birni. Daga nan sunansa ya koma Kogin Haɗejiya.

Tunanin tare wannan ruwa ya girmi gwamnatin Audu Baƙo, domin tun a tsakiyar shekarun 1960 wasu ƙwararru daga Amurka suka yi nazarin ƙasa da kogunan yankin. Abin da shi ya yi shi ne ya ɗauko maganar daga takarda ya mai da ita aiki, a lokacin da ake yaƙi, kuɗi kuma suka yi ƙaranci.

A shekarar 1969 aka fara gina madatsar ruwa ta Bagauda a ƙasar Bebeji, aka raɗa mata sunan sarkin da tarihi ya ce shi ne na farko a jerin sarakunan Kano. Ƙarama ce, kuma an yi ta ne domin a shayar da gonakin gwaji a Kadawa, a ga ko manomin da ya saba da gero da dawa zai karɓi alkama da noman rani na zamani. Ya karɓa.

Daga nan sai aka fuskanci Kogin Kano kansa. A farkon shekarun 1970 aka soma aikin madatsar Tiga, mai nisan kimanin kilomita 70 daga birni, aka kuma kammala ta a 1974. Bangonta na ƙasa ne da aka yi ta jibgewa ana dannewa, tsawonsa ya kai kusan kilomita 6, tsayinsa kuma mita 48. Tafkin da ya taru a bayansa ya mamaye murabba'in kilomita 178, kuma an tsara shi ne ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2.

Zamanin manyan madatsun ruwa ne a Afirka. Ghana ta gama Akosombo a 1965, Najeriya ta gama Kainji a 1968, Masar kuma ta gama babbar madatsar Aswan a 1970. Duka waɗannan da kamfanoni ko ƙwararrun ƙasashen waje aka gina su. Abin da ya bambanta Tiga shi ne gwamnatin jiha ce ta yi aikin da injiniyoyinta da leburorinta da motocinta. Sashen da ya yi wannan aiki ne ya rikiɗe ya zama hukumar WRECA, wadda ta ci gaba da gina madatsu a sassan jihar shekaru da dama bayan tafiyar gwamnan. Tomas da Jakara da Watari da Gari da Kafin Ciri duk daga wannan shiri suka fito, ko da yake wasunsu bai ga kammaluwarsu yana kan mulki ba.

Tsarin shayar da gonakin, wanda kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ya taimaka wajen zanawa, yana da wata hikima guda. Tiga tana kan tudu, filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam kuma suna ƙasa da ita. Saboda haka ruwan da kansa yake gangarowa ta babbar magudana, ya rarrabu zuwa ƙanana har ya isa bakin gona, babu injin turawa, babu man fetur, babu jiran wutar lantarki. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa aikin ya rayu, alhali wasu manyan ayyukan noman rani da suka dogara da injuna, irin na kudancin tafkin Chadi, sun durƙushe.

Ana cikin ginin ne fari ya auka wa yankin Sahel. Daminar 1972 ta yi ƙaranci, ta 1973 ta fi ta muni. Shanu suka mutu, rijiyoyi suka ƙafe, mutane suka yi ta kwararowa Kano daga Nijar da arewacin jihar. A 1975 kuma cuta ta cinye gyaɗa, dalar gyaɗar da Kano ke alfahari da ita ta kama hanyar ɓacewa. Duk wanda ke ganin gwamna ya zuba kuɗi a daji, wannan fari ya ba shi amsa.

An tsara kashin farko na aikin noman rani na Kogin Kano zai kai kadada 22,000, ko da yake an daɗe ba a cim ma wannan adadi ba. Amma abin da aka samu ya isa ya sauya yankin. Kura ta zama garin shinkafa. Kasuwar Kwanar Gafan ta zama inda manyan motoci ke lodin tumatir zuwa Legas da sauran biranen kudu. Alkama da albasa da masarar rani suka zama abin da yaro ke tashi ya tarar a gonar gidansu. A tafkin kansa masunta na kama karfasa da tarwaɗa. Haka kuma daga ruwan da ake saki a kogin ne matatar Tamburawa ke ɗiban wanda take tacewa domin birnin Kano, duk da cewa mazauna unguwanni da dama har yanzu ɗan garuwa suka sani.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Wannan Baƙon dai tafki ya bari.

Waɗanda ruwan ya ci

Sai dai ba a tare kogi a ce babu wanda ya yi asara. Dubban mutane ne aka tasa daga ƙauyukan da tafkin Tiga ya shanye. Sun bar fadamu da itatuwan kuka da ɗorawa da kaburburan iyayensu, aka mai da su sababbin matsugunai a kan tudu, inda da yawansu suka koka cewa ƙasar ba ta kai wadda suka bari ba, diyyar kuma ba ta taka kara ta karya ba.

A cikin filayen noman ranin ma ba kowa ya ci riba ba. Alkama da tumatir suna son taki da iri da kuɗin ƙwadago, kuma masu binciken da suka zauna a ƙauyukan a shekarun 1970 sun nuna yadda ƙananan manoma suka riƙa jinginar da gonakinsu ko sayar da su ga masu hali. Ruwan da ke kwance rani da damina ya kuma ƙara yawan sauro da cutar tsargiya.

Babbar asarar tana can nesa, a inda ba a jin ƙarar motocin aikin. Kafin a gina Tiga, ambaliyar da Kogin Haɗejiya ke yi duk shekara ita ce rayuwar fadamun Haɗejiya da Nguru da Gashuwa. Idan ruwa ya malala sai a shuka shinkafa, a kama kifi. Idan ya janye a shuka wake da sauran kayan rani a cikin danshin da ya bari, Fulani su sauko da shanu, rijiyoyi su cika. Tsuntsaye masu yawa ma daga Turai nan suke zuwa cin rani.

Da aka tare kogin, aka kuma ƙara da madatsar Challawa a 1992, faɗin ƙasar da ambaliyar ke rufewa ya ragu ƙwarai, ko da yake farin shekarun 1970 da 1980 shi ma ya taimaka. Ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk shekara kuma ya yi wa ciyawar kacalla daɗi, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Masana tattalin arzikin da suka auna lamarin a shekarun 1990 sun ƙiyasta cewa abin da mutanen fadama suka rasa ya fi abin da aka samu a gonakin noman rani.

A lokacin da ake gina Tiga, Haɗejiya tana cikin jihar Kano. Ke nan talakawan gwamna ne a can ma. Gaskiya ne cewa a wancan zamani ba a saba auna illar irin waɗannan ayyuka ga muhalli ba, a Najeriya ko a wasu wurare, amma wannan uzuri bai mayar wa masuncin Nguru kifinsa ba.

A watan Agustan 1988, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, bangon madatsar Bagauda ya ɓalle, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. Bayan nan ne, a 1992, aka rage tsayin mafitar ruwan Tiga saboda tsoron kada ita ma ta yi haka, abin da ya rage yawan ruwan da take riƙewa da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Daji da namunsa

Sha'awar Audu Baƙo ba ta tsaya ga gona ba. Mutum ne mai son daji da dabbobi da wuraren shan iska, a lokacin da yawancin masu mulki ke kallon daji a matsayin wurin da ci gaba bai kai ba tukuna.

Dajin Falgore, wanda ya ratsa ƙasashen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, tun zamanin Turawa aka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatinsa ta ɗaga matsayinsa zuwa gandun namun daji, aka hana farauta, aka sa masu gadi. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, kuma hanyar Kano zuwa Jos ta tsakiyarsa ta bi. Daji ne na doka da maje da kaɗanya, wanda a da ake samun gwanki da ɓauna da mazo da gada da gyado a cikinsa, ban da birai da kuraye.

Falgore da Tiga aiki ɗaya ne, ko da yake ba kasafai ake kallonsu haka ba. Kogin da ke cika tafkin ta cikin dajin yake bi. Muddin itatuwa na tsaye, saiwoyinsu na riƙe ƙasa. Idan aka sare su, ruwan sama zai kwashi yashi da laka ya zuba a tafkin, ya riƙa cike shi sannu a hankali. Mai sare doka a Doguwa domin yin gawayi yana rage wa manomin Kura ruwa, ko da bai taɓa zuwa Kura ba.

A cikin birni kuma ya kafa gidan namun daji, wanda aka buɗe a 1972, har titin da ya bi ta gabansa ya samo sunansa daga gare shi. A bakin tafkin Bagauda aka gina otal, a kan dutsen da ke kallon tafkin Tiga aka gina wani mai suna Rock Castle. Tun a shekararsa ta farko ya sa aka tsara yadda jihar za ta jawo masu yawon buɗe ido, yana hasashen cewa baƙon da ya sauka a filin jirgin saman Kano zai kwana a Bagauda, ya wayi gari a Falgore.

Wannan ɓangare na burinsa shi ne ya fi shan wahala bayansa. Otal ɗin Bagauda ya koma reshen makarantar horar da lauyoyi ta Najeriya. Manyan namun Falgore sun yi ƙaranci saboda farauta da kiwo da saran itace, dajin kuma ya yi ƙaurin suna a matsayin maɓoyar 'yan fashi da ɓarayin shanu, har ta kai a 2017 rundunar sojan Najeriya ta mai da shi filin atisaye. A dajin Dansoshiya da ke ƙasar Kiru kuwa, gwamnatin Abdullahi Ganduje ta kafa matsugunin makiyaya. Gidan namun dajin ma sai da ya shiga bakin duniya a 2019, lokacin da kuɗi kusan naira miliyan 7 suka ɓace aka yaɗa cewa gwaggon biri ne ya haɗiye su.

Duk da haka, a ranakun sallah har yanzu yara ne ke cika gidan, da sababbin kaya da kuɗin barka da sallah a hannu. Ga da yawansu nan ne wuri na farko, wani lokaci ma na ƙarshe, da za su ga zaki ido da ido.

Uban 'ya'ya

Mutumin da Allah ya ba 'ya'ya 11, maza da mata, bai ɗauki sha'anin yara a matsayin ƙaramin aiki ba, kuma an ga haka a fili a batun karatun 'ya'ya mata.

A ƙasar Kano ta wancan lokaci iyaye da yawa na ɓoye 'ya'yansu idan aka zo ɗaukar 'yan makaranta, balle a ce mace. Gwamna mai kaki yana iya ba da umarni kawai. Shi kuwa sai ya nemi hujja daga inda jama'a ba za su iya musantawa ba, wato koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda a littafinsa Nurul Albab ya soki malaman da ke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, wanda kuma 'yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'yan taru domin ilmantar da matan karkara.

Da wannan hujja gwamnatinsa ta buɗe makarantun firamare da na sakandare da na horon malamai domin 'yan mata. Da yawa daga cikin matan da suka fara zama shugabannin makarantu da ma'aikatan jinya da manyan jami'an gwamnati a Kano da Jigawa ta wannan ƙofa suka shigo.

Saukarwa da bincike

Shekara takwas a kan kujera ɗaya tana da nata nauyin. Bayan hauhawar farashin man fetur a 1973 kuɗi sun yi yawa a hannun gwamnatoci, ƙorafin cin hanci ya yawaita, gwamnonin Gowon kuma suka zama abin suka a jaridu. A ranar 1 ga watan Oktoban 1974 Gowon ya janye alƙawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976, ya kuma yi ta jinkirta sauya gwamnonin.

Ranar 29 ga watan Yulin 1975, yana halartar taron ƙungiyar haɗin kan Afirka a Kampala, sojoji suka kifar da shi. Wanda ya gaje shi, Murtala Muhammed, ɗan Kano ne. Nan take aka sauke gwamnoni 12 duka, aka turo Kanar Sani Bello ya karɓi Kano.

Sabuwar gwamnatin ta kafa kwamitin binciken kadarorin tsofaffin gwamnonin. A farkon 1976 aka bayyana sakamako: an samu 10 daga cikin 12 da laifin amfani da muƙami ta hanyar da ba ta dace ba, aka kore su daga aiki, aka ƙwace wasu kadarorinsu. Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na jihar Yamma ne kaɗai aka wanke. Audu Baƙo yana cikin goman.

Masu yabonsa ba su cika son a ambaci wannan ba, amma yana cikin kundin gwamnati. Abin da za a iya faɗa shi ne Kanawa sun yi nasu hukuncin dabam. Gwamnatocin da suka biyo baya, na soja da na farar hula, su ne suka riƙa sanya sunansa a kan gine-gine, ciki har da kwalejin koyon aikin gona ta Dambatta, kuma har yau idan ana gardamar wane gwamna ne ya fi yi wa Kano aiki, da sunansa ake fara awo.

Ga mutumin da ya shiga aiki yana ɗan shekara 17, ya shafe shekara 33 a cikin kaki, kora ba ƙaramin abu ba ce, musamman ga mai iyali da yawa. Wasu takwarorinsa ma abin ya fi haka muni, domin Joseph Gomwalk harbe shi aka yi a watan Mayun 1976, bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulkin da ya ci ran Murtala.

Audu Baƙo bai koma neman muƙami ba. Ya tattara ya tafi jihar Sakkwato ya kama noma, sana'ar da ya shafe shekara takwas yana kira ga jama'a su riƙe. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are, Tiga da gonakinta suka koma hannunta.

Ya rasu watanni kaɗan bayan Alhaji Shehu Shagari ya karɓi mulkin ƙasa, Alhaji Abubakar Rimi kuma ya zama gwamnan farar hula na farko a Kano. A lokacin tafkin Tiga bai wuce shekara shida da cika ba, kuma ana kan haƙa magudanan da za su kai ruwansa sauran gonakin da aka tsara.